Shawarwarin da muka tattara a Garwa kan katun na mutum-mutumi

Daren Asabar, a shagon cajin waya na unguwarmu a Garwa ta ƙasar Kamaru, hira ta karkata kan katun ɗin da yara ke turawa a memori, musamman masu mutum-mutumi da jiragen sama jannati.

Shawarar da kowa ya amince da ita: iyaye su zauna su kalla tare da yaran. Wani malamin makaranta ya kawo misalin WALL-E, na kamfanin Pixar, wanda ya fito a 2008. Ɗan injin yana ta tattara shara a duniyar da mutane suka gudu suka bari, su kuwa suna can sararin samaniya kan kujeru masu shawagi, sun yi ƙiba, idonsu a kan allo, ko maƙwabci ba sa gani. Ya ce da fim ya ƙare ya tambayi ɗansa, "Wa ya fi kama da mutum, injin ko masu kujerar?" Yaron ya yi shiru, ya kife wayar hannunsa. Wannan ta taɓa ni ƙwarai.

Wata uwa ta ja kunne cewa ba kowane zane ne na yara ba. Ghost in the Shell na Japan, na 1995, yana tambayar ina ruhi yake idan jiki ya zama ƙarfe, amma akwai harbe-harbe da tsiraici. Manya su fara dubawa tukuna.

Mai shagon ya ƙara da cewa tunda yawancin katun ɗin da Faransanci suke zuwa, a riƙa fassara wa ƙanana da Hausa, kuma a kashe waya in an kira Magariba.