Tekkonkinkreet: Kuro ya kyauta da ya bari aka tafi da Shiro?

Ummi_Zango:
Salam jama'a. Akwai wanda ya kalli Tekkonkinkreet, katun ɗin Japan na 2006? Marayu biyu ne, Kuro da Shiro, suna kwana cikin wata matacciyar mota a tsohuwar unguwar Takaramachi, da sane suke ci. Wuri ɗaya ya tsaya min a rai. Bayan an soki Shiro, 'yan sanda suka zo za su tafi da shi, yaron yana ta kururuwa, Kuro kuwa ko yunƙurin hana su bai yi ba. Don Allah wannan ƙauna ce ko gajiya?

Baban_Hanif:
Wa alaikis salam. Ƙauna ce, Malama. Hebi, mugun fim ɗin, so yake ya share unguwar ya gina filin wasan yara na zamani, kuma 'yan ina-da-kisa uku ya turo musu, ba irin yaran da Kuro ya saba kora da bututun ƙarfe ba. Ko Suzuki, tsohon ɗan yakuza, wato manyan 'yan daban Japan, bai sha ba, yaronsa Kimura aka tilasta wa ya harbe shi. Ina Kuro zai ɓoye Shiro?

Sadiq_Fagge:
Baban Hanif, ka yi haƙuri, ban yarda ba. Kowa ɗauka yake Kuro ke riƙe da Shiro saboda shi ke nemo abinci, shi ke sa masa kaya. Amma duba abin da ya biyo baya. Shiro na hannun 'yan sanda yana ta zane, Kuro kuwa ya zauce, yana yawo da 'yar tsana yana mata magana kamar Shiro ne. Ashe ƙaramin ne birkinsa. Ya tsare masa rai, na yarda, sai dai da kansa ya biya, kuma bai san haka zai yi tsada ba.

Hajjo:
Ni unguwar ce ta tafi da ni: allunan talla sun yi tsatsa, wayoyi a cukurkuɗe. Studio 4°C, kamfanin da ya yi katun ɗin, sun yi aiki, kuma Ba'amurke ne ya ba da umarni, Michael Arias, daga littafin zane na Taiyo Matsumoto. Amma Ummi, kar ki ga katun ki kunna wa yara, akwai jini sosai.

Ummi_Zango:
Anti Hajjo na ji, sai sun yi barci. Sadiq, to da ka fi so Kuro ya yi yaya?