Me manyan ƙasashe ke rububi a kai a yankin ƙanƙara?

Malamin sakandare, Kumo:
Assalamu alaikum. Ɗalibaina sun tambaye ni dalilin da ya sa Trump ya ɗora ido a kan tsibirin Greenland tun 2019, da na nuna musu taswirar bango kuwa, sai suka ga wurin can a ƙurya, babu komai sai ƙanƙara. Ina roƙon masana su warware mini wannan.

Tsohon soja, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Malam. Taswirar bangon ce ta ruɗe ku. Ka samu lemo ka zana ƙasashen a jikinsa, sannan ka dube shi ta sama, za ka ga Rasha da Amurka suna fuskantar juna, kuma hanya mafi kusa da makami mai linzami zai bi tsakaninsu ta kan yankin Aktik take, wato yankin ƙanƙara na ƙurewar arewacin duniya. Shi ya sa tun shekarun 1950 Amurka ke riƙe da sansanin Thule a Greenland, wanda yanzu ake kira Pituffik, inda na'urorinta ke gadin sararin sama dare da rana. Rasha kuma ta girke rundunar ruwanta ta arewa a garin Severomorsk da ke wannan yankin, da jiragen ƙarƙashin teku masu ɗauke da makaman nukiliya. Da Finland ta shiga NATO a 2023, Sweden ta bi ta a 2024, bakwai daga ƙasashe takwas na yankin suka koma ɓangare guda, abin da ba zai bar Mosko ta yi barci ba.

'Yar kasuwa, Gombe:
Baba, ban musa ba, amma akwai batun dukiya. Ƙanƙara na narkewa, hanyar teku ta arewacin Rasha, wadda ka iya zama madadin mashigin Suez, na buɗewa, ga shi mun ga yadda jirgi ɗaya ya toshe mashigin Suez kwana shida a 2021. Rasha kaɗai ke da jiragen fasa ƙanƙara masu aiki da nukiliya, ita kuwa Sin, duk nisanta, ta kira kanta maƙwabciyar yankin a 2018. Iskar gas ɗin Yamal da ke arewacin Rasha ma kasuwar Turai ɗaya take ci da tamu ta Bonny.

Ɗalibin shari'a, Azare:
Malam, kada a haɗa da Antatika ta kudu. Yarjejeniyar 1959 ta hana ayyukan soja a can, ta 1991 kuma ta hana haƙar ma'adinai, alhali Majalisar Aktik da aka kafa a 1996 ba ta da hurumin tattauna tsaro.

Malamin sakandare, Kumo:
Na gode ƙwarai. Ranar Litinin da lemo zan shiga aji, in Allah ya yarda.