Ƙanena na kaso wata biyar ba shari'a, ga tari ga ƙaiƙayi: ta ina zan fara?

Yayar mai kabu-kabu: Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanena ɗan shekara 24 ne, kabu-kabu yake yi nan Damagaram. Ya sayi babur hannun wani, ashe na sata ne. Yau wata biyar yana kaso, ba a kira shi gaban alƙali ba tun ranar farko. Zuwana na ƙarshe na tarar ya rame, yana tari, tsakanin yatsunsa duk ƙuraje. Wani mutum ya ce in kawo jika hamsin ya fito mini da shi. In bayar?

Tsohon magatakardan kotu: Wa alaikumus salam. Hajiya, riƙe kuɗinki. Mai tsayawa bakin ƙofar kotu yana cewa ya san alƙali, kuɗin zai ci, kuma ba ki da inda za ki kai ƙara, don ke ma kin shiga laifin ba da toshiya.

Abu na farko, ki san a hannun wa dosiyensa, wato takardun shari'arsa, yake. Ki je ofishin magatakarda na gidan kason da katin shaidarki, ki tambayi ranar da aka sa hannu a takardar tsare shi, laifin da aka rubuta, da wanda ya sa hannun. In alƙali mai bincike ne, ki san ko ofishi na nawa ne, da lambar dosiyen. Ki rubuta a takarda, kada ki dogara da ƙwaƙwalwa. Dosiyen da ba a san lambarsa ba shi ne ke kwana cikin kabad.

Daga nan a rubuta takardar neman sakin talala zuwa ga wannan alƙalin. Shi kansa tsararren yana da ikon rubutawa, a bi da ita ta hannun shugaban gidan kaso, ba dole sai da lauya ba. Alƙali zai miƙa wa mai shigar da ƙara na gwamnati ya faɗi ra'ayinsa, sannan ya yanke. In ya ƙi, ana ɗaukakawa zuwa kotun ɗaukaka ƙara, ga ta nan cikin Zinder, ba sai an je Yamai ba. Ana kuma iya sake nema daga baya. Abin da alƙali ke tsoro shi ne mutum ya tsere ko ya juya shaidu, don haka a haɗa da shaidar mazauni daga mai unguwa, da sunan dattijon da zai tsaya masa. Wani lokaci akan nemi kuɗin jingina. Wannan a kotu ake biya, da rasit. Kuɗin da ba rasit ba na hukuma ba ne.

In babu halin ɗaukar lauya, akwai hukumar ba da taimakon shari'a, ANAJJ, da aka kafa a 2011 don marasa galihu, tana da ofishi a manyan kotuna. Bayani kyauta ne.

Yayar mai kabu-kabu: Na gode Baba. Mai babur ɗin ya karɓi abinsa, ya ce ya yafe. Ba shi ke nan ba?

Tsohon magatakardan kotu: A'a ƴata. Yafewarsa ta shafi haƙƙinsa ne kawai, ƙarar gwamnati tana nan. Amma tana da amfani sosai in ya rubuta ya sa hannu, aka saka cikin dosiye. Yafewar fatar baki ba ta isa teburin alƙali. Kuma gaɓar maganar sayen kayan sata ita ce ko ya san na sata ne. Takardar ciniki, shaidun da suka ga an biya, da farashin da ya saya, su ne makaminsa. In kuɗin ya yi kusa da na kasuwa, magana ta yi sauƙi. In rabin kuɗi ne, sai an yi bayani.

Ma'aikaciyar jinya: Ni tarin ne ya fi tayar mini da hankali. Tarin da ya wuce sati biyu, da rama, da gumin dare, a ɗakin da mutane ke kwana kafaɗa da kafaɗa, sai a ɗauke shi tarin fuka har gwaji ya ce ba shi ba ne. Ki nemi ganin ma'aikacin lafiya na gidan, ki ce a gwada majinarsa, ba a ba shi maganin tari na ruwa ba. Maganin tarin fuka kyauta ne a Nijar, wata shida ne: biyun farko magani huɗu, huɗun ƙarshe magani biyu, kullum da safe kafin ya ci komai. Fitsari zai yi ja-ja, kada ya tsorata. Inda ake ɓatawa shi ne ya ji sauƙi bayan sati uku ya daina, ko a sake shi katinsa ya tsaya can. Ranar fita, katin maganin ya fita da shi, a kai asibitin unguwa a ci gaba. Takardar likita kuma tana ƙara wa neman sakin talala nauyi.

Ƙurajen yatsu masu ƙaiƙayi da dare, ƙazwa ce. Ana shafa benzil benzowat daga wuya zuwa tafin ƙafa bayan wanka, a bar shi awa 24, a maimaita yadda likita ya ce. Amma in ya koma cikin tufafinsa na jiya, an yi aikin banza. Ki kai masa wankakkun kaya ranar da zai shafa, ki karɓo tsofaffin ki tafasa su, tabarma kuma a shanya ta a rana. Ƙaiƙayin kan ɗauki sati biyu bayan ƙwarin sun mutu. Magani duk ta hannun ma'aikacin lafiya zai shiga, tare da takardarsa. Kada ki ɓoye shi cikin tuwo.

Mai kai ziyarar agaji: Kan abinci, a rage dafaffe mai miya, musamman in bazara ta kama, kafin la'asar ya yi tsami. Busasshe ya fi: ƙuli-ƙuli, garin rogo, soyayyar gyaɗa, dabino, busasshen zogale, sukari. Tiya guda ta gari da ƙuli-ƙuli ta fi kwanon shinkafa amfani. In kin ga ƙafarsa ta fara kumbura, mai yiwuwa abinci ne ba ya gina jiki, a ƙara wake da gyaɗa. Komai cikin roba ko leda, ba kwalba, ba ƙarfe, ba reza. Gardi na iya cewa ki ɗanɗana, ba wulaƙanci ba ne. Waya kuwa ko ya roƙa da kuka kada ki kai. Sabulu biyu, bokitin roba, da sange in an yarda. Ki sa a ranki ba shi kaɗai zai ci ba, ɗaki ake rabawa, kuma rabon nan ne ke sama masa zaman lafiya.

Malamin sana'a: Ku yi haƙuri a jira sassaucin da shugaban ƙasa kan yi, wataƙila ya shiga ciki. Kafin nan ya riƙe hannunsa da saƙar jaka ko ɗinki in akwai masu yi, zaman banza ne ke kai yara ga ƙwaya.

Tsohon magatakardan kotu: Malam, sana'ar na yarda, jiran sassaucin ne ban yarda ba. Rangwamen hukunci na wanda aka yanke wa hukunci ne. Wanda ke jiran shari'a ba shi da abin da za a rage masa. Abin da zai amfane shi shi ne watannin da ya yi za a cire su daga duk abin da aka yanke. In kuma an haɗa da tara, a biya ta a karɓi rasit, don rashin biya na iya sa a ci gaba da riƙe shi bayan wa'adinsa ya cika.

Yayar mai kabu-kabu: Allah Ya saka da alheri. Takardar cinikin tana wurin mahaifiyarmu a Mirya, gobe zan je in ɗauko. Baba, asalin zan miƙa ko kwafi?

Tsohon magatakardan kotu: Kwafi. Asalin ya zauna a hannunki har ranar da alƙali da kansa ya ce a kawo.