Inda "used to" ya sauya mana ma'anar magana

Malamin Turanci: Assalamu alaikum. Ina koyar da manya Turanci, kuma babu inda ɗalibaina suka fi yin tuntuɓe kamar a kan "used to". Ina roƙon waɗanda suka ci karo da shi a wajen aiki su ba mu labari, domin misalin littafi ba ya zama a kai kamar abin da mutum ya gani da idonsa.

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, Malam. Wani dattijo mai hawan jini ya taɓa ce wa likitanmu, wanda ba ya jin Hausa, "I use to take it every morning", nan take likitan ya rubuta cewa ya daina shan magani, har ya fara yi masa faɗa. Da na tambayi baban da Hausa, sai ya ce ai kullum yakan sha, bai taɓa fashi ba. A ganina tushen matsalar daga harshenmu yake, domin "kan" ba ta ɗaure aiki da wani lokaci: muna cewa "nakan sha" a kan yau, mu ce "a da nakan sha" a kan abin da ya wuce. Shi kuwa "used to" idan aikatau ya biyo shi kai tsaye, na baya ne kawai, kuma mai sauraro yana fahimtar cewa abin ya riga ya tsaya. Da baban ya ce "I take it every morning", da babu wanda ya ɗaga masa murya.

Mai tantance masu neman aiki: Gaskiyarki, Malama. Ni a wajen ganawa nake jin ɗan'uwansa. Idan na tambayi mutum ko zai iya aikin dare, ya ce "I used to work at night", abin da ya gaya mini shi ne ya taɓa yi a da. Wanda ya ce "I am used to working at night" shi ne ya ce ya saba, abin ba ya yi masa nauyi. Bambancin duka yana kan "am" da kuma "-ing", saboda a wannan siga suna ne ke bin "to", ko aikatau mai "-ing". Wata matashiya ta burge ni da ta ce "I will get used to it", wato ba ta saba ba tukuna amma za ta saba, kuma na fi yarda da ita a kan masu cika baki.

Injiniya: Akwai na ukunsu a takardun bayanin kayan aiki, kamar "This blade is used to cut metal", wanda ke nufin ana amfani da shi wajen yanka ƙarfe, ba ruwansa da sabo. A baki ma sun bambanta, wannan da sautin "z" ake furta shi, waɗancan biyun da "s".

Mai gyaran rubutu: Malam, abin da na fi gyarawa a takardun da ake kawo mini shi ne korewa da tambaya. Bayan "did" ana sauke "d", a rubuta "I didn't use to drive" da "Did you use to smoke?", ko da yake Turawan kansu sukan rubuta ta, tunda kunne ba ya rarrabewa. Wasu kuma sun ji cewa "would" yana maye gurbin "used to", sai su zuba shi ko'ina. Yana yi a kan aikin da ake maimaitawa, kamar "We would walk to school", amma ba ya yi a kan halin da ake ciki ko mallaka, don haka "I would have a car" ba ya nufin a da ina da mota.

Malamin Turanci: Malama, in kin ba ni izini zan kai labarin dattijon nan aji, domin rabin ɗalibaina da "I use to" suke fassara "nakan".