Ƙaramin gidan kula da manya masu lalura: me kuka duba kafin ku amince?

Yayar mai farfaɗiya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ƙanena yana da farfaɗiya da jinkirin fahimta, ƙarfin mahaifiyarmu kuma ya ƙare. Muna neman ƙaramin gida irin mai ɗaukar mutum huɗu zuwa shida. Duk inda muka je, takardar shaida da ɗaki mai tsabta ake nuna mana. Ku da kuka riga mu shiga wannan hali, me kuka duba?

Tsohuwar ma'aikaciyar dare:
Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ki tambayi dare kafin rana. Ma'aikata nawa ke kwana, a farke suke ko barci suke yi sai an tashe su? Ga mai farfaɗiya wannan maganar rai ce. Ki ja ɗaya daga cikin masu kula gefe, ba shugaban gidan ba, ki ce masa: "In ta tashi masa, me za ka yi?" Wanda ya san aikinsa zai ce miki zai duba agogo, ya tare masa kai da abu mai laushi, ba zai danne shi ko ya cusa masa komai a baki ba, in jijjigar ta lafa ya kwantar da shi a gefe, in ta wuce minti 5 ya kira agajin gaggawa. In ya tsaya inda-inda, kin samu amsarki. Ki kuma nemi ganin littafin miƙa aiki tsakanin masu rana da masu dare.

Mahaifin wani saurayi:
Ni magani ne ya ƙona min rai. Ɗana ba ya magana. Ya fara dukan kumatunsa yana ƙin abinci, gidan suka ce rigima ce, aka ƙara masa maganin kwantar da hankali. Na je na same shi a kujera yawu na zuba, ido a lumshe da tsakar rana. Wata mai kula da ta daɗe da shi ce ta lura gefe guda yake tauna. Ashe haƙori ne ya ruɓe. Matsalar ba ta gida ɗaya ba ce: a Ingila sai da hukumar lafiyarsu ta ƙaddamar da shirin STOMP a 2016 don rage ɗura wa masu lalurar fahimta irin waɗannan magunguna. Hajiya, ki duba takardar magani, musamman wanda ake bayarwa "in buƙata ta taso". Wa ke yanke cewa ta taso, kuma yaushe likita ya sake duba shi?

Mai keken guragu a ɗaki na uku:
Ku yi haƙuri, kowa yana magana a kanmu, to ga ɗaya daga cikinmu. A irin wannan gida nake zaune. Abin da ya dame ni shi ne a ƙwanƙwasa kafin a shigo min ɗaki, a rufe ƙofa in ana yi min wanka, in kwanta lokacin da na ga dama, kuɗina kuma in san inda ya shiga. Sashe na 19 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006 ya ce muna da damar zaɓar inda za mu zauna da wanda za mu zauna da shi. Yaya, ki tafi da ƙanenki, ki lura ko shi ake yi wa magana ko ke.

Mai riƙe da wani gida:
Gaskiya ka faɗa, ɗan'uwa. Zan ƙara da cewa ƙanƙantar gida ba ta hana ɓarna, domin inda babu idon waje komai na iya faruwa. Hukumar CQC ta Ingila, mai sa ido kan asibitoci da gidajen kula, tana auna gida da tambaya 5: aminci, ingancin kulawa, tausayi, biyan buƙatar mutum, da shugabanci. Duk da akwai hukumar, cin zarafin da aka yi wa masu lalurar fahimta a asibitin Winterbourne View na Ingila bai fito ba sai da BBC ta shiga da ɓoyayyar kyamara a 2011, bayan wani ma'aikacin jinya ya kai ƙara ba a kula shi ba. Duk gidan da kika je, ki tambayi ma'aikata nawa suka bar aiki a bara. Gidan da ke hana ziyara sai da sanarwa, ki guje shi.

'Yar mai shanyewar ɓarin jiki:
Ga waɗanda nasu ba sa iya juyawa da kansu: ku duba diddige, kwatangwalo da ƙasan baya. A baƙar fata gyambon kwanciya ba lallai ya fara da ja ba. Wurin kan yi duhu fiye da kewayensa, ya yi ɗumi ko tauri a hannu. Mahaifina muna wanke masa ƙafa muka gani, alhali takardar gidan ta nuna ana juya shi duk bayan awa 2. Yanzu in na je, da hannuna nake cire masa safa.