Neman kalma: me za mu kira takardar da ake zana fim a kai kafin a ɗauka?

Mai Kyamara, Aboabo:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da aji ranar Asabar, samari da 'yan mata da nake koya wa ɗaukar bidiyo, kuma takardar darasin za ta tafi wurin mai bugawa gobe bayan an sauko Juma'a. Komai na rubuta da Hausa, kalma ɗaya ce ta tsaya mini: abin da Turawa ke kira storyboard.

Ga wanda bai san aikin ba, takarda ce da ake rabawa gida-gida, a kowane gida a zana abin da kyamara za ta gani: ina mutum zai tsaya, daga kusa za a ɗauke shi ko daga nesa, ta ina haske zai shigo. A ƙasan zanen sai a rubuta maganar da za a ji da daƙiƙun da za ta ci. Daban take da rubutun labari, wanda babu zane a cikinsa.

Yawancin aikina talla ne na daƙiƙa 30 ko 60, na masu shago a Kejetiya da Adum a nan Kumasi, ƙasar Gana, sai gajerun fina-finai idan na samu sarari. Babu kamfani a bayana, ni ne marubuci, ni ne mai ɗauka, ni ne mai tacewa. Wannan takarda ce ke raba ni da rigima, domin ba na karɓar kafin-alƙalami sai na zaunar da mai kaya ya ga gidajen ɗaya bayan ɗaya ya ce ya yarda. Saboda haka ina son kalmar da yaron aji zai gane, Hajiya mai atamfa ma ta gane ba sai na yi mata dogon bayani ba.

Ɗan Sawaba:
Wa alaikumus salam. Allon labari, yaya. An gama.

Hajiyar Nima:
Allon labari ai sai a ɗauka allon sanarwa ne na ƙofar masallaci. Ni taswirar fim ta fi kwanta mini. Taswira ce ke nuna maka hanya kafin ka kama tafiya.

Edita, Mamobi:
Hajiya, taswira tana da mazauninta a aikin. Akwai wani zanen daban da ake yi kamar daga sama ake kallon ɗaki, a sa alamar inda kyamara da fitilu za su zauna. Wannan shi ya cancanci taswira. Idan muka ba wancan sunan, me za mu kira wannan? Ni zanen fitowa na gani, tunda a wasan kwaikwayo muna da kashi da fitowa.

Mai Kyamara, Aboabo:
Fitowa ta yi faɗi. Fitowa ɗaya, a ce mace ta shiga shago ta taya atamfa, za ta iya cin gida takwas: ƙofa daga nesa, hannunta a kan atamfar, fuskar mai shago, da sauransu. Kowane gida ɗauka ɗaya ce.

Ɗan Sawaba:
To allon zayyana fa? Yana da zane, yana da gidaje.

Malamin Makaranta, Asawase:
Subhanallah. Ɗana, allon zayyana na saukar Alƙur'ani ne, kada a kai shi wurin tallan sabulu. Ku bar lalube, ga kalma: gani-kafin-ɗauka. Haka Hausa ke ƙirƙirar suna tun asali. Faɗi-ka-mutu, a-ci-balbal, ka-fi-zabo, duk magana ce aka ɗaure ta zama suna. Shi kansa mai tambayar ya rubuta kafin-alƙalami a sama ba tare da ya ji nauyinta ba. Gani-kafin-ɗauka ta faɗi abin da takardar ke yi, ta faɗi lokacin da ake yin ta, kuma babu gaɓa ɗaya ta aro a cikinta.

Edita, Mamobi:
Malam, a gafarce ni, ginin ya yi kyau amma ku gwada ta a bakin aiki. Rana na faɗuwa, haske na gudu, darakta ya juyo ya ce wa yaro: miƙo mini gani-kafin-ɗauka ta fitowa ta uku. Kafin ya rufe baki an kira magariba. Sannan mene ne jam'inta?

Malamin Makaranta, Asawase:
Mene ne jam'in a-ci-balbal? An fasa kunna ta ne don ba ta da jam'i? Lalaci ne kawai ke damun ku. Tun farkon zancen nan nake ganin fim, kyamara, bidiyo, darakta, har ɗayanku ya sa wa kansa suna Edita. Iyayenmu majigi suke cewa, ba su roƙi kalmar kowa ba.

Edita, Mamobi:
Malam, da girmanku, majigi ma aro ce. Daga sunan Turanci na fitilar nan ta haska hotuna a bango ta fito, wadda suke danganta wa da sihiri, kuma da motocin gwamnatin mulkin mallaka masu yawo gari-gari suna nuna fim ta bazu. A nan ma an yi irin wannan, har aka kafa sashen fim na Gold Coast, wato Gana ta wancan lokacin, a ƙarshen shekarun 1940. Allo da alƙalami da taswira kuwa daga Larabci muka same su. Ni a NAFTI na yi karatu a nan Accra, makarantar koyar da fim da aka kafa a 1978, kuma da Turanci aka koya mana komai. Duk wanda na yi aiki da shi, har masu fim da yaren Twi na Kumasi, sitoribod yake ce wa wannan takarda. Yaran Aboabo idan sun gama aji wurin waɗannan za su nemi aiki. Yaron da aka ce ya kawo sitoribod ya tsaya yana zare ido, an sallame shi ranar.

Malamin Makaranta, Asawase:
Larabci ba baƙo ba ne a wurinmu.

Bakano a Alabar:
Ni dai mamaki nake yi. Masana'antar fim ta Hausa tana Kano, sunan Kannywood ma tun 1999 yake, ga Jami'ar Bayero da cibiyar nazarin harsuna da ta daɗe tana wannan aikin na ƙirƙirar kalmomi. Sai a ce a Zango za a yanke wa Hausa kalma? Ku yi haƙuri, amma mutanen da ke cewa "mace ya zo" su fara gyara wannan tukuna.

Hajiyar Nima:
Kai yaro, yi a hankali. Goro ya kawo kakanninmu Gwanja tun kafin a san za a yi wata ƙasa Gana ko Nijeriya. Alhaji Umaru na Karachi a Kano aka haife shi, amma a Salaga da Kete Karachi ya zauna ya koyar, ya rubuta waƙoƙinsa na Hausa da ajami, a nan ƙasar ya rasu a 1934. Har gobe malaman jami'o'inku na karanta shi. Hausarmu ta bar bambanta namiji da mace a wasu wurare, gaskiya ne, domin ita ce ke haɗa Dagomba da Mosi da Kotokoli da Zabarmawa a kasuwa ɗaya. Wannan aiki ne ta yi, ba lalacewa ba.

Ɗan Sawaba:
Kuma a Kanon me suke cewa a wurin ɗauka? Lokeshin, sin, akshin, kot. Tallan sabon fim ma tirela suke ce masa, sunan babbar mota. Su ne za su ba mu kalma?

Bakano a Alabar:
Ban ce ba sa aro ba. Na ce idan kowane gari ya ƙirƙiri tasa, yaron Kumasi ba zai gane takardar yaron Zariya ba.

Hajiyar Nima:
Wannan magana ce, da ita ka fara da ba a yi faɗa ba. Amma ka sani mu nan ba mu da hukumar da za mu kai wa kuka. Hausa ba ta cikin harsuna 11 da hukumar harsunan Gana ke buga wa littattafai, duk da cewa gidan rediyon gwamnati ya daɗe yana labarai da ita. Idan ba mu zauna mun yi da kanmu ba, babu mai yi mana.

Malamin Makaranta, Asawase:
Shi ya sa na ce a ɗauki gani-kafin-ɗauka. Na karanta wa ɗalibaina uku yanzu, duk sun gane nufinta ba tare da bayani ba. Wa zai gane sitoribod a cikin iyayenmu mata?

Mai Kyamara, Aboabo:
Jama'a don Allah mu dawo, mai bugawa ba zai jira Kano da Zango su shirya ba.

Malam, na juya kalmarku sosai, kuma inda ta ci shi ne wurin mai kaya. Idan na ce wa Alhaji ga gani-kafin-ɗauka, ya san zai ga tallansa kafin kuɗinsa ya fita. Inda ta ba ni wahala shi ne ba ta ce zane ba ne. Hotunan da nake ɗauka da waya idan na je duba shago su ma gani ne kafin ɗauka. Gwajin 'yan wasa ma haka. Ni kuwa abin da nake so yaran su riƙe shi ne su zauna da fensir. Yawancinsu da waya suka fara, sun saba su danna kawai su tara bidiyo mai yawa, sai wajen tacewa su ga babu fuskar mai shago daga kusa, ko a ce tallan na TikTok ne da sitatus ɗin WhatsApp, wanda ake ɗauka a tsaye, su kuwa sun ɗauka a kwance irin na talabijin, rabin kayan shagon ya fita daga hoto. Duk wannan a takarda ake kama shi, tunda siffar gidan da ka zana ita ce siffar hoton. A gidan zanen Walt Disney a Amurka aka daidaita wannan dabara a farkon shekarun 1930, domin masu fim ɗin zane ba su da halin ɓarnar aiki. Wanda ke hayar fitila da kuɗin aljihunsa ya fi su buƙatar wannan tsantseni.

Edita ya ce zanen fitowa, na ce ɗauka ce ba fitowa ba. To me zai hana zanen ɗauka?

Edita, Mamobi:
Zanen ɗauka tana faɗuwa a baki. Jam'i kuma zane-zanen ɗauka. Sharaɗina ɗaya: ka rubuta sitoribod a gefenta a shafin farko, su san sunan da za su ji a waje.

Hajiyar Nima:
A kasuwar atamfa fa ka kula, kada Hajiya ta ji zanen ɗauka ta zaci zanen ɗaurawa za ka ɗauka kyauta. A rubuce iri ɗaya suke.

Mai Kyamara, Aboabo:
A baki muryar ta bambanta, Hajiya, kuma takardar na hannuna lokacin da nake faɗa.

Bakano a Alabar:
Ba laifi. Zan tura wa wani ɗan'uwana da ke harkar a Kano in ji ko suna da wata. Gida da kuka sa wa kowane akwatin zane kuwa ya yi daidai, kamar gidan dara.

Malamin Makaranta, Asawase:
Zanen ɗauka ba ta da rai, suna biyu ne aka jingina. Kuma sa kalmar Turanci a gefenta kashe ta ne tun ranar suna, domin yaro zai ɗauki wadda ya ji a bakin manyansa. Ni a ajina gani-kafin-ɗauka zan ci gaba da cewa.

Mai Kyamara, Aboabo:
Allah ya ƙara girma, Malam. Ga yadda zan buga: kan darasin zanen ɗauka, kowane akwati gida, sitoribod sau ɗaya a shafin farko. A layin bayani kuma zan rubuta cewa amfaninsa gani kafin ɗauka, don maganarku ta shiga kunnen yaran. Na gode wa kowa.

Malamin Makaranta, Asawase:
Bayani ka mai da ita, ni suna na ba ka. Ka turo mini takardar kafin ta tafi, in duba maka ƙa'idar rubutu.

Ɗan Sawaba:
Yaya, muryar da ake ɗorawa a kan talla ba a ganin mai maganar fa, me ka rubuta mata?

Mai Kyamara, Aboabo:
Muryar bayan fage na sa. Wanda bai yarda ba ya bari sai bayan Asabar.