Shawarwarin da aka tattara ga marubucin da zai saka ɗan wasan fim mai shaye-shaye a labarinsa

Wasu marubuta da suka tattauna wannan batu sun fi daɗewa a kan abu ɗaya: yawancinmu ba mu san ƙwayar da muke rubutu a kanta ba. Kodin maganin tari ne na ruwa, kuma gwamnatin Nijeriya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018. Tiramadol kuwa, mai miligiram 50 da 100 ake bayarwa a asibiti. Mai 225 da ake fataucinsa a ɓoye shi ne ya fi jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Idan jarumin labari ya daina sha, kada a warkar da shi a shafi ɗaya. Cikin kwana ɗaya zai fara gumi, hamma, gudawa, ciwon gaɓoɓi da rashin barci, abin ya tsananta a kwana na biyu zuwa na uku, ya lafa bayan mako guda. Sha'awar komawa kuwa tana ɗaukar watanni, kuma a nan aure ke tsinkewa.

Game da soyayya, sun ce a daina nuna cewa ƙaunar mace kaɗai ke shiryar da mashayi. Matar da ke biya masa bashi tana ɓoye wa iyayensa, ciwon take ƙara wa ƙarfi. A nuna asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa, irin na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna.

Kada a kwatanta wani ɗan Kannywood da za a gane. Ɓata suna ne, kuma kotu na jira. Kafin bugawa, a ba ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ya duba babin.